Ƙarar Taya da Gugar Birki a Babur: Yadda Ake Gano Tushen Matsala Kafin Ta Kai ga Hatsari

A unguwar Jekadafari, ɗaya daga cikin mazaɓu 11 na Ƙaramar Hukumar Gombe, babur na cikin abubuwan hawan da suka fi yawan zirga-zirga. Shi ke kai ɗalibi makaranta da ma'aikaci ofis, shi ke kawo 'yan dubiya Asibitin Ƙwararru na jiha, shi ne kuma jarin da ɗimbin 'yan acaɓa ke ciyar da iyalansu da shi. Daga cikin koke-koken da masu babura ke kai wa bakanike da mai faci a bakin titi, akwai guda biyu da suke yawan maimaituwa: ko dai taya tana ƙara, ko kuma birki yana guga alhali ba a taɓa shi ba.

Ana yawan rikita waɗannan matsaloli biyu, domin daga wuri ɗaya sautinsu ke fitowa. Wani zai sayi sabuwar taya, ya hau titi ya iske ƙarar tana nan, saboda boris ne ya lalace tun farko. Wani kuma zai sa a sassauta masa birki har ƙarar ta lafa, ya tafi yana murna, bai san ya rage ƙarfin abin da zai tsayar da shi ba. Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. Kowace ƙara a babur tana da lokacin da take zuwa, tana kuma da abin da ke sauya ta. Wanda ya lura da waɗannan abubuwa biyu zai iya gano tushenta cikin mintuna kaɗan, tun kafin a kwance noti ko ɗaya.

Abin da ya sa bai kamata a yi sakaci ba

Babur a kan taya biyu kawai yake tsaye, kuma wurin da kowace taya ke taɓa ƙasa bai wuce faɗin tafin hannu ba. Ta wannan ɗan wurin ne duk wani juyi da duk wata tsayawa ke bi. Babur da ke gudun kilomita 50 a awa yana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa, kuma idan gudu ya ninka sau biyu, tazarar da birki ke buƙata kafin tsayawa tana ninkawa kusan sau huɗu. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2023 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗurran hanya duk shekara, fiye da rabinsu kuwa masu tafiya a ƙasa ne da masu kekuna da masu babura.

Birkin da ke guga yana yin ɓarna iri uku. Yana ɗaukar zafi, birki mai zafi kuwa kamunsa raguwa yake yi daidai lokacin da ake buƙatarsa. Yana narkar da giris ɗin boris da ke kusa da shi. Sannan yana shan fetur, domin inji yana ja ne birki yana riƙewa, abin da ɗan acaɓa ke ji a aljihunsa tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023.

Yanayin Gombe ma yana ƙara wa matsalar ƙarfi. Ƙasar garin mai rairayi ce, shi ya sa zaizayar ƙasa ta daɗe tana addabar unguwanni da dama, kuma bayan kowane ruwan sama mai ƙarfi akan iske yashi shimfiɗe a gefen kwalta. A lokacin hunturu ƙura ke maye gurbin yashin, a watannin Maris da Afrilu kuma zafi kan kusanci digiri 40. Yashi da ƙura da zafi su ne manyan abokan gabar birki da boris da robar taya.

Birki iri biyu

Kafin a fara bincike, wajibi ne mai babur ya san irin birkin da ke jikin abin hawansa. Na farko shi ne birkin kwano, wanda ake danganta ƙirarsa ta zamani ga Louis Renault na Faransa a shekarar 1902. A cikinsa akwai takalman birki guda biyu masu siffar jinjirin wata, a ɓoye cikin wani kwanon ƙarfe da ke tsakiyar wili. Idan aka matsa birki, wani ɗan ƙarfe mai faɗin baki yana juyawa ya buɗa takalman su matse jikin kwanon, idan aka saki kuma sifirin ya dawo da su. Shi ne birkin da ke kan galibin baburan aiki, irin su Bajaj Boxer BM100 da Jincheng, gaba da baya.

Na biyu shi ne birkin faifai, wanda ya bazu a duniyar babura bayan fitowar Honda CB750 a 1969. Shi a fili yake: faifan ƙarfe ne ke juyawa tare da taya, wasu 'yan fale-falen birki guda biyu su matse shi daga ɓangarorinsa da ƙarfin man birki. Ana ganinsa a tayar gaba ta yawancin sabbin babura masu ɗan tsada. Bambancin yana da amfani wajen bincike, domin ɗan sautin shafa maras ƙarfi a birkin faifai abu ne da aka saba da shi, amma a birkin kwano alama ce ta cewa wani abu bai zauna daidai ba.

Mataki na farko: sauraro a kan hanya

Ana yin wannan gwaji a kan hanya mai sauƙin zirga-zirga, da hular kwano, ba fasinja, a gudun da bai wuce kilomita 30 a awa ba.

Da farko a raba inji da ƙafa. A matse kuloci, a saki totur, a bar babur ya gangara da kansa. Idan ƙarar ta ragu tare da raguwar kukan inji, to matsalar tana cikin inji ko salansa. Idan ta ci gaba, tana raguwa ne kawai gwargwadon raguwar gudu, to daga taya ko birki ko boris ko sarƙa take. Mai babur maras kuloci na hannu, irin wanda ake kira roba-roba, zai iya kashe inji ya sa a firi, ya tura babur ɗin a wuri mai shiru yana saurare.

Daga nan a gwada birki ɗaya bayan ɗaya. A ɗan matsa na gaba kaɗan, a saki, sannan a ɗan taka na baya. Ƙarar da ta ɓace, ko ta sauya murya, ko ta ƙaru da zarar an taɓa birki, ta wannan birkin ce. Wadda ba ta damu da birki ba kuwa, a nemi tushenta a taya ko boris ko sarƙa.

Sai a lura da tsarin ƙarar. Tayar babur mai wilin inci 17 tana cin kusan mita 1.8 a kowane juyi, wato a gudun kilomita 20 a awa tana juyawa kamar sau uku a daƙiƙa. Ƙarar da ke zuwa tana ɗaukewa daidai da wannan ƙidaya tana nuna cewa wuri ɗaya ne a jikin ƙafar ke da matsala: ƙusa a taya, ko kumburi, ko wili da ya lanƙwashe, ko kwanon birki da ya daina zama da'ira. Ƙarar da ke tafiya ba yankewa kuwa ta fi kama da ta boris, ko ta birkin da ya maƙale, ko ta zanen taya.

Abu na ƙarshe a kan hanya shi ne sauya ƙasa. Gurnanin zanen taya yana sauyawa idan aka sauka daga kwalta zuwa turɓaya, ko daga tsohuwar kwalta zuwa sabuwa. Na boris ba ruwansa da irin ƙasar da ake takawa.

Mataki na biyu: bincike a tsaye

Da zarar an tsaya, a kai bayan hannu kusa da kwanon birkin gaba, sannan na baya. Idan an yi tafiyar kilomita biyu ko uku ba tare da yawan taka birki ba, amma ɗaya daga cikinsu ya yi zafi sosai, ko ana jin ƙauri, to yana guga. Faifan birki ba a taɓa shi da yatsa bayan tafiya, domin yana iya ƙona fata.

Sannan a kafe babur a jak na tsakiya, a ɗaga kowace taya daga ƙasa, a juya ta da hannu. Lafiyayyar tayar gaba za ta yi juyi da dama kafin ta tsaya a hankali. Ta baya ba za ta kai haka ba saboda nauyin sarƙa, amma bai kamata ta cije ba. Wadda ta tsaya cak bayan rabin juyi, ko take cijewa a wuri ɗaya kullum, akwai abin da ke riƙe ta. Don a tantance, a sassauta notin daidaita birki gaba ɗaya a sake juyawa. Idan ta saki, birki ne. Idan har yanzu tana da nauyi ko ana jin gurzawa, boris ne. Wajibi ne a mayar da notin yadda ya dace kafin a sake hawa.

Bayan haka a kama taya da hannu biyu, sama da ƙasa, a girgiza ta gefe da gefe. Duk wani motsi ko ƙwas-ƙwas da aka ji alama ce ta boris da ya cinye, ko notin ƙarfen tsakiya da bai ɗauru ba. A ƙarshe a riƙe alli kusa da bakin wili, hannu a jingine da ƙafar shakazoba don kada ya motsa, a juya tayar. Inda allin ya taɓa ya bar alama, nan ne wilin ya karkace. Littattafan gyara na ƙananan babura da yawa suna sanya milimita 2 a matsayin iyakar karkacewar da za a lamunta.

Idan laifin na taya ne

Iska ce abu na farko da za a duba, kuma da ma'auni, tun taya tana sanyi. Danna taya da babban yatsa ko ƙwanƙwasa ta da sifana ba ya nuna gaskiyar iskar da ke ciki. A ƙananan baburan aiki, abin da kamfanoni ke bayarwa yana kusa da 25 a gaba da 28 a baya a ma'aunin psi da masu faci ke amfani da shi, a ƙara ta baya zuwa kusan 32 idan za a ɗauki fasinja, amma adadin da ke rubuce a littafin babur ko a jikinsa shi ne abin bi. Taya mai ƙarancin iska tana gurnani, tana ɗaukar zafi, tana cinyewa ta gefe biyu, kan babur kuma ya yi nauyi. Mai iska fiye da kima tana dukan hannu a kan kowane ɗan tudu, tana cinyewa ta tsakiya, kamunta a ƙasa kuma ya ragu. Iska tana ƙaruwa da kanta idan taya ta yi zafi, don haka kuskure ne a rage ta da tsakar rana bayan doguwar tafiya.

Abu na biyu shi ne yadda zanen ya cinye. A shafa tafin hannu a kan tayar gaba, daga gaba zuwa baya, sannan a dawo. Idan ana jin tudu da kwari kamar haƙoran zarto, to ta cinye ba daidai ba, kuma ita ke kukan da ake ji musamman a kwana. Ƙarancin iska da mataccen shakazoba su suka fi jawo haka. Tayar baya kuma takan baje ta tsakiya saboda tafiya a miƙe da kaya, sai ta riƙa ƙugi idan an karkata. A cikin ramukan zanen akwai wasu 'yan tuddai da kamfani ya sa don aune. Idan saman taya ya zo daidai da su, ta sude, kuma sudaddiyar taya a kan jiƙaƙƙiyar kwalta ko yashi ba ta da riƙo.

Na uku shi ne zaman taya a kan wili. A gefen kowace taya, kusa da bakin wili, akwai wani siririn layi da ya zagaye ta. Tazararsa da bakin wilin ya kamata ta zama ɗaya ko'ina. Idan ya nutse a wani wuri, tayar ba ta zauna ba, za ta riƙa tsalle sau ɗaya a kowane juyi. Hakan na yawan faruwa bayan faci na gaggawa. Maganinsa a sace iskar, a shafa ruwan sabulu a bakin tayar, a sake hurawa. Ba a shafa baƙin mai, domin yana lalata roba. Tub da ya naɗe a ciki, ko wanda faci ya taru a wuri ɗaya, shi ma yana kawo irin wannan tsalle. Idan akwai kibiya a gefen tayar, dole ta fuskanci inda tayar ke juyawa.

Na huɗu shi ne girma. Lambobi irin 2.75-17 ko 3.00-17 suna nuna faɗin taya da girman wili a ma'aunin inci. Masu ɗaukar buhuna, irin waɗanda ke jigila daga kasuwar hatsi ta Tudun Hatsi, sukan so taya mafi faɗi a baya. Idan ta wuce abin da aka ƙera babur ɗin da shi, takan gogi murfin sarƙa ko madigad, musamman lokacin da kaya suka danne shakazoba. Shaidarsa wuri mai sheƙi a jikin ƙarfe, ko zobe mai santsi a gefen tayar. Irin wannan ƙara ba a jin ta sai da kaya, shi ya sa takan ɓace a gaban bakanike.

Na biyar shi ne shekaru. A gefen taya akwai lambobi huɗu a cikin wani ɗan zagaye: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Misali, 2324 na nufin mako na 23 na shekarar 2024. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana faɗakar da cewa wa'adin taya shekara huɗu ne daga lokacin da aka ƙera ta. Kamfanin Michelin kuwa yana ba da shawarar a riƙa kai taya ana dubawa duk shekara bayan ta kai biyar, kada kuma a wuce shekara goma. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ya daina ƙera taya a Legas a 2008, kasuwar taya a Najeriya ta dogara ƙwarai da shigo da kaya daga waje, don haka taya na iya daɗewa a jirgi da sito da shago kafin ta kai hannun mai saye. Tsofaffin tayoyin da aka riga aka yi amfani da su suna cikin jerin kayan da Hukumar Kwastam ta hana shigowa da su. Roba idan ta tsufa tana taurarewa, ta tsattsage, ta ƙara ƙara, ko da zanenta bai taɓu ba. Kumburi a gefen taya kuwa yana nufin zaren ciki ya tsinke, kuma faci ba ya gyara shi.

Idan laifin na birkin kwano ne

Mafi yawan gugar birkin kwano daga ɗauri take. Dole a bar ɗan sarari da hannun birki ko feda za su motsa kafin birki ya fara kamawa. A ƙananan babura da yawa, sararin yana tsakanin milimita 10 zuwa 20 a bakin hannun birkin gaba, da 20 zuwa 30 a fedar baya. Mai son birki mai kamawa da an taɓa yakan ɗaure har sararin ya ƙare, sai takalman su zauna a jikin kwano.

Akwai yanayi biyu da ke cinye wannan sarari ba tare da mai babur ya sani ba. Idan aka ja tayar baya don a ɗaure sarƙa, sandar birkin baya tana ƙara ɗaurewa da kanta, saboda haka duk gyaran sarƙa sai an bi shi da daidaita birki. Haka kuma idan kaya suka danne babur, matsayin sandar yana ɗan sauyawa, birkin da ke sake a kan jak ya koma guga a kan hanya. Shi ya sa ya fi kyau a sake duba sararin feda mutum yana zaune a kai. Ɗabi'ar ɗora ƙafa a kan feda ana tafiya ita ma tana cinye takalmi da fetur.

Idan ɗauri daidai yake amma birki ba ya komawa bayan an saki, to ɗan ƙarfen da ke buɗa takalma ya yi tsatsa, ko sifirin ya saki, ko wayar birkin gaba ta bushe a cikin rigarta. Ana gane haka idan aka tura hannun da ke jikin murfin kwano da yatsa, sai tayar ta saki. Gyaransa a kwance, a goge, a shafa giris kaɗan a kan ƙarfen kawai.

Kukan ƙiii lokacin taka birki yakan fito daga ƙura da ta taru a kwano, ko fuskar takalmi da ta yi santsi saboda zafi. Ana goge kwanon da jiƙaƙƙen tsumma, a ɗan karce fuskar takalmin da samfefa. Kada a hure ƙurar da baki ko da iskar mai faci, domin wasu takalman suna ɗauke da sinadarin asbestos, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar yana jawo cutar daji. Sautin gurzawa bayan ratsa ruwa ko yashi yana nufin rairayi ya shiga, kuma idan aka bar shi zai sassaƙe kwanon. Sautin ƙarfe a kan ƙarfe kuwa yana nufin takalmi ya ƙare. A babura da yawa akwai 'yar kibiya a hannun birki da wata alama a jikin murfi. Idan suka haɗu lokacin da aka matse birki, lokacin canji ya yi. Kaurin abin da ke fuskar takalmi idan ya sauko kusan milimita 2, an kai iyaka.

Takalmin da mai ko giris ya jiƙa canza shi ake yi, wanki da fetur ba ya dawo da shi. Mafi haɗari shi ne takalmi maras inganci da fuskarsa ke ɓallewa daga ƙarfenta, ta maƙale a cikin kwano ta kulle taya ana cikin gudu. A nan ne maganar araha ba ta ado ta fi dacewa. Wajen mayar da taya, ƙwararrun bakanikai suna matse birki sannan su ɗaure notin ƙarfen tsakiya, domin takalman su zauna daidai a tsakiyar kwano.

Idan laifin na birkin faifai ne

Ɗan sautin shuu lokacin da aka juya taya ba matsala ba ne, muddin tayar tana juyawa sake kuma faifan ba ya zafi. Idan tana cijewa, galibi fistin da ke tura fale-falen ne datti ya hana shi komawa, ko ƙusoshin da gidan birkin ke zamewa a kansu sun bushe. Alamarsa falle ɗaya ya cinye fiye da ɗan'uwansa. Idan hannun birki yana bugun yatsu lokacin tsayawa, faifan ya karkace. Kauri mafi ƙaranci da aka yarda da shi yana hatimce a jikin faifan.

Man birki yana shan danshin iska a hankali. Sabon mai na DOT 4 ba ya tafasa sai ya kai aƙalla digiri 230, amma wanda ya sha ruwa yana iya saukowa kusa da digiri 155, kuma idan ya tafasa hannun birki zai tafi har ƙarshe ba kamu. Shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu. Cika kwalbar man fiye da alamarta na iya sa birki ya kama kansa idan ya yi zafi. Zuba baƙin mai ko wani man da ba na birki ba yana kumbura robobin ciki, birkin ya maƙale.

Abubuwan da ake ɗora wa taya da birki laifinsu

Boris da ya lalace yana ƙugi mai ƙaruwa da gudu. Ruwa mai ƙarfi na wurin wankin mota, idan aka nufi tsakiyar wili da shi, yana kore giris ya tura yashi ciki. Sarƙa mai sako-sako tana dukan murfinta, musamman idan an ja totur ko an saki, mai tsananin ɗauri kuma tana kuka tana cinye boris. Galibi ana barin ta da wasan milimita 20 zuwa 30, a auna a inda ta fi tauri. Wayoyin wili da suka saki suna ƙas-ƙas a ƙaramin gudu, kuma idan aka bi su da sifana ana ƙwanƙwasawa, mai ɗauri tana amo, sakakkiya ba ta yi. Robobin da ke cikin tsakiyar wilin baya idan sun cinye, ana jin dukan ƙarfe lokacin tashi. Wayar mitar gudu da ta bushe ma tana cizgar kunne daga tayar gaba, har a zaci birki ne.

Lokacin da ya wajaba a tsaya nan take

Akwai alamomin da ba a cewa bari a kai fasinja tukuna: kumburi ko zare a fili a jikin taya, taya mai rawa gefe da gefe, ƙauri ko hayaƙi daga kwanon birki, feda ko hannun birki da ya tafi har ƙarshe ba kamu, birkin da ke kullewa da kansa, da man birki da ke ɗiga. Birkin gaba shi ke ɗaukar kusan kashi 70 cikin 100 na aikin tsayar da babur, don haka cire shi ko barinsa a mace, kamar yadda wasu ke yi don tsoron faɗuwa, yana tsawaita tazarar tsayawa ƙwarai.

Kulawar da ke hana matsalar

Binciken safe bai wuce minti biyu ba: a kalli tayoyi, a matsa kowane birki, a tura babur a ji ko yana tafiya sake. A auna iska sau ɗaya a mako. A buɗe kwanon birki a share shi a ƙarshen damina saboda yashi, a kuma maimaita a ƙarshen hunturu saboda ƙura. Bayan ratsa ruwa, a ɗan riƙa taɓa birki a ƙaramin gudu har ya bushe.

Idan kuma sai an je wurin bakanike, bayanin da aka kai masa shi ke rage kuɗi da ɓata lokaci. A gaya masa daga gaba ƙarar take ko daga baya, tana yankewa ko ba ta yankewa, tana sauyawa da birki ko a'a, da kaya take zuwa ko ba kaya, sannan wane gyara aka yi na ƙarshe kafin ta fara. A nemi ya nuna abin da ya cire, a kuma gwada birkin gaba da na baya a ƙaramin gudu kafin a bar wurin.